Kwanson roba da lambar maki: kamfanonin tantance sulalla gyara suka kawo ko lalaci?

Ɗan_Kwabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ga magana zan ajiye, wanda ya ga na kauce ya gyara mini. A ganina kamfanonin nan masu tantance sulalla su rufe su cikin kwanson roba, irin su PCGS da NGC, sun mai da masu tara kwandala malalata. Yanzu mutum ba ya duban kwandalar, lambar da ke jikin takarda yake duba. An rubuta 65, sai ya biya kuɗin 65, ko da fuskar kwandalar ta dushe. Tambayata biyu ce. Me kwanson yake tabbatarwa takamaimai? Sannan wace kwandala ce ta cancanci a kai ta, wace ce kuma kai ta asarar kuɗi ce kawai?

MaiAzurfa:
Wa alaikumus salam Malam. Aiki uku kamfanin ke yi, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Da farko zai ce kwandalar ta gaske ce, ba jabu ba, ba a kuma sauya mata shekara ko harafin gidan bugu ba. Wannan magana ce ta eh ko a'a, kuma a nan ne ƙarfinsu yake. Bayan haka ya duba ko an taɓa fuskarta da wanki ko gogewa ko rini ko cike rami. Sai a ƙarshe ya ba ta maki daga 1 zuwa 70. Wannan na ƙarshen ra'ayi ne. Ra'ayin ƙwararrun da suka ga dubban irinta ne, amma dai ra'ayi ne. Inda mutane ke ɓata shi ne su ɗauki makin da ƙarfin da suka ɗauki shaidar sahihanci.

Malam_Tagulla:
Ƙarin bayani kan ma'aunin 70 ɗin nan, don da yawa ba su san daga ina ya fito ba. William Sheldon ne ya fito da shi a 1949, kuma don manyan sulallan senti na jan ƙarfe na farkon Amurka kawai ya tsara shi, waɗanda aka buga daga 1793 zuwa 1814. Tunaninsa shi ne lambar ta nuna farashi: kwandala mai maki 70 ta ninka wadda ta suɗe sarai mai maki 1 sau saba'in. Wannan lissafin ya daɗe da rushewa, lambobin kawai suka rage. Shi ya sa akwai giɓi a ciki. Daga 1, 2, 3, 4 sai 6, 8, 10, 12, 15, 20, 25, 30, 35, 40, 45, 50, 53, 55, 58. Babu maki 7, babu 42. Daga 60 zuwa 70 ne ake hawa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk waɗannan na kwandalar da ba ta shiga hannun jama'a ba ne, wato wadda ake rubuta wa MS.

Zabiya_77:
Ashe matakai goma sha ɗaya ne ga kwandalar da ba ta ko suɗe ba. To da me ake bambanta su, Malam?

Malam_Tagulla:
Da abu huɗu, 'yar'uwa: yawan tabon da ta samu wajen gogayya da 'yan'uwanta a cikin buhu da kuma inda tabon ya faɗo, ƙarfin sheƙinta na asali, yadda hatimi, wato ƙarfen da ke buga mata zane, ya kama ta lokacin bugu, da kyan gani gaba ɗaya. Wurin tabo ya fi yawansa muhimmanci. Ɗauki dalar Morgan, tsohuwar dalar azurfa ta Amurka. Tabo ɗaya a kan kuncin matar da ke gaba ya fi tabo biyar da suka ɓuya cikin gashinta ko cikin fukafukan mikiyar baya rage maki, don kunci fili ne, ido can yake fara sauka.

Alhaji_Gwanjo:
Ɗan_Kwabo, kafin ka yanke musu hukunci ka tuna yadda kasuwar take kafin su zo. Mai sayarwa shi ke ba kayansa maki, mai saye shi ke rage shi. Kwandala ɗaya, in dillali zai sayar maka sai ta zama ba ta taɓa shiga hannu ba, in ka dawo masa da ita sai ya gano ta ɗan suɗe. Ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka ta kafa sashen tantancewa mai suna ANACS a 1972 saboda jabu ya yi yawa, kuma da farko sahihanci kawai suke dubawa, sai a ƙarshen shekarun 1970 suka fara ba da maki. Takardar shaida mai hoto suke bayarwa, kwandalar kuma a sake. Matsalar a bayyane take: takarda daban, kwandala daban, mai son zuciya zai haɗa takardar mai kyau da kwandala mai kama da ita. PCGS ta zo a 1986 da dabarar liƙe kwandala da makinta cikin kwanso ɗaya, NGC ta biyo baya a 1987. Abin da suka warware shi ne cinikin biri a sama. Mutum a wata nahiya zai iya taya kwandalar da bai taɓa riƙewa ba, ya san aƙalla ta gaske ce kuma makinta ba zai yi nisa da abin da aka rubuta ba.

Ɗan_Kwabo:
Na yarda da wannan, Alhaji. Amma kalmar da ka yi amfani da ita ke nan, "ba zai yi nisa ba". Tsakanin 64 da 65 ba nisa a ido, amma a farashi wani lokaci ninki ne.

Alhaji_Gwanjo:
Haka ne, kuma wannan ba laifin ma'auni ba ne, laifin kasuwa ne da ta ɗora dutse a kan tsinke.

Hajiya_Tsaba:
Bari in amsa tambaya ta biyu, tunda an bar ta a baya. Kafin a tura kwandala a haɗa kuɗi biyar: kuɗin tantancewa na kowace kwandala, kuɗin sarrafa takardar oda, kuɗin aikawa da inshora zuwa can, na dawowa, da kuɗin zama mamba in kai tsaye za a tura. PCGS da NGC sai mamba ko ta hannun dillalin da suka amince da shi, ANACS kuwa tana karɓa daga kowa. In za a tsallaka iyaka a ƙara harajin kwastan da takardun fita da shiga na wucin gadi. Jimlar a raba ta da yawan sulallan. Sai a tambayi kai: in ta dawo da maki ɗaya ƙasa da wanda nake zato, ƙarin darajar da kwanson ya ba ta zai biya wannan kuɗin? In amsar a'a ce, a bar ta a gida. Kada a yi lissafi da makin da ake fata.

Waɗanda suka cancanta su ne masu shekarar da ta yi ƙaranci kuma aka san ana yawan yi musu jabu, zinaren da darajarsa ta wuce nauyinsa, kwandalar da tazarar farashi tsakanin makinta da na sama da shi take da faɗi, da kayan da za a kai gwanjo ko za a bar wa magada da ba su san harkar ba. Kwandalar da aka buga miliyoyinta kuma ta suɗe, kwanson zai fi ta tsada.

Sarkin_Ma'auni:
Kan batun jabu da Hajiya ta taɓo, ga misalin da ke nuna amfanin ƙwararren ido. Sentin Amurka mai hoton Lincoln na 1914 mai harafin D, alamar gidan bugu na Denba, yana da wuyar samu, na 1944 mai D kuwa ko'ina akwai shi. Sai a ɗauki na 1944 a kankare 4 ta farko a mai da ita 1. Alama biyu ke tona shi. Tazara tsakanin 9 da sabuwar 1 ɗin takan yi faɗi fiye da kima. Sannan a gindin kafaɗar Lincoln akwai ƙananan haruffa VDB na sunan wanda ya zana kwandalar, waɗanda sai daga 1918 aka fara sa su a wurin. Duk sentin da ya ce shi na 1914 ne kuma yana ɗauke da su a kafaɗa, ƙarya yake. Mai wayo yakan goge haruffan, amma gugar takan bar wurin da santsi daban da kewayensa.

Haka ake liƙa D a bayan kwandalar senti goma ta 1916, wadda 264,000 kawai aka buga a Denba, ko a liƙa S a sentin 1909 mai VDB a bayansa, wanda aka buga 484,000, ko a dalar Morgan ta 1893, wadda San Faransisko ta buga 100,000. Kamfanonin ba harafin kawai suke duba ba. Sun san hatiman da aka yi aiki da su, inda harafin ya zauna a kowane hatimi, da ƙananan tabban hatimin da dole su bayyana. Na 1909 ɗin, misali, hatiman gaba huɗu ne aka sani, harafin S yana da mazauni huɗu ke nan. Ya faɗo a wuri na biyar, an gama magana. Irin waɗannan ukun, sayensu tsirara ba tare da kwanso ba ganganci ne.

Baƙon_Zaure:
To ai sikeli da maganaɗisu sun isa su kama jabu, ko?

Sarkin_Ma'auni:
Suna kama na malalaci. Dalar Morgan giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Fam ɗin zinare na Ingila giram 7.98 ne, faɗi milimita 22.05. In nauyi ya kauce sosai ko maganaɗisu ya kama, ka huta. Amma duba misalan da na kawo a sama: kwandalar ta gaske ce, ƙarfenta daidai, nauyinta daidai, harafi ɗaya kawai aka ƙara. Sikeli ba zai ce komai ba. Akwai kuma jabun da ake bugawa da azurfa ko zinare na gaske, don ribar tana cikin shekarar ne, ba cikin ƙarfen ba. Waɗannan sai a gane su ta tabon da ke maimaituwa. Mai jabu yana kwafo hatiminsa daga kwandala ɗaya ta gaske, duk tabon da ke jikinta sai ya bi kowace kwafi, wuri ɗaya, siffa ɗaya. Wanda ya ga guda ɗaya ba zai lura ba. Wanda guda ashirin suka ratsa teburinsa zai lura.

Uwar_Sisi:
Ku yi magana kan wanki don Allah, don a nan sababbi ke ƙonewa. Mutum ya samu tsohuwar kwandala ta yi duhu, sai ya ce bari in gyara ta kafin in tura. Garin neman gira a rasa ido. Sheƙin kwandala ba santsi ba ne. Lokacin da hatimi ya daki ƙarfe, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar ƙananan layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa in ka karkata kwandala ƙarƙashin fitila ka ga haske yana zagaye ta kamar hannun agogo. Tsumma ko buroshi ko man goge ƙarfe yana share waɗannan layukan, ya bar nasa karce siriri kamar gashi, duk sun nufi gefe ɗaya. Ba ya dawowa har abada. Kamfani zai rufe ta a kwanso, ya ce ta gaske ce, amma ba zai ba ta lamba ba. Zai rubuta "Details" tare da aibin. A PCGS har lambar aibi akwai: 92 wanki, 91 launi mai shakku, 95 karce, 98 lalacewa. Farashinta kuma ya faɗo ƙasa da na wadda aka bari da duhunta.

Malam_Tagulla:
Gaskiya ne Uwar_Sisi, sai dai a bambance wanki da ceto. In kwandala ta daɗe cikin leda mai laushi irin ta PVC, za ka ga wani kore-kore mai danƙo a kanta. Wannan yana cin ƙarfe, barinsa ma ɓarna ce, kuma kamfani ba zai rufe ta da shi ba. Maganinsa asiton tsantsa, ba na goge farce mai turare da mai ba. A zuba a kofin gilashi, a jiƙa kwandalar, a sauya zuwa sabon asiton sau biyu ko uku, a bar ta ta bushe da kanta a wuri mai iska, nesa da wuta. Ba gogewa ko kaɗan. Asiton ba ya taɓa azurfa ko zinare, datti mai maiƙo kawai yake narkarwa. Ruwan tsoma azurfa kuwa wani abu ne daban. Shi yana cire siririn saman da ya yi duhu, kuma kowace tsomawa tana tafiya da ɗan sheƙi. Sau ɗaya na daƙiƙa biyu a hannun gwani yakan wuce ba a gane ba, sau uku ko huɗu sai kwandala ta yi fari fat amma a mace. In kwandalar mai tsada ce, kamfanonin suna da sashen gyara nasu, a bar musu.

Zabiya_77:
Yadda ake shirya kaya kafin a tura fa?

Hajiya_Tsaba:
Kowace kwandala a jakarta ta leda mai tauri marar PVC, mai inci biyu da rabi kowane gefe. Ba a sa sitefula, ba a sa salatif a bakin jakar. A riƙe kwandala ta gefenta kawai, a kan tebur mai shimfiɗa mai laushi. A liƙa lambar oda da lambar layi a jikin kowace jaka daidai da yadda aka jera a fom. A ɗaure jakunkunan tsakanin kwali biyu da roba yadda ba za su motsa ba, in an girgiza akwati kada a ji ƙara. A ɗauki hoton gaba da baya na kowace kafin a rufe. Darajar da aka rubuta a fom ita ke zaɓar matakin kuɗin aiki, ita ce kuma iyakar inshora. Wanda ya rage ta don ya biya kaɗan, in kaya suka ɓata a hanya abin da ya rubuta za a biya shi, in kuma suka isa lafiya kamfani na iya mai da shi matakin da ya dace ya caje shi bambancin.

Ɗan_Kwabo:
Duk wannan ya yi, amma mun bar maganata ta farko. In makin nan abin dogaro ne, me ya sa ake fasa kwanso a sake turawa har sai an samu ƙari?

Gwanin_Fitila:
Saboda maki ɗaya ba ɗigo ba ne, fili ne. Cikin sulallan da aka ba 64 akwai wadda da ƙyar ta tsallake 63, akwai ta tsakiya, akwai wadda ta rage kaɗan ta zama 65. Aƙalla mutum biyu ke duba kowace kwandala ba tare da sanin mai ita ba, kuma ba sa daɗewa a kan guda ɗaya. Ta bakin iyaka, yau za ta iya faɗawa nan, gobe can. Masu fasawa wannan suke farauta. Mu ƙaddara farashin 64 ɗari ne, na 65 ɗari uku, kuɗin turawa goma. Ko sau biyar ya tura, in ta haye sau ɗaya ya ci riba. Kuma da ta haye ba za a sake fasa ta ba. Sakamakon haka a hankali sulalla ke taruwa a mafi girman makin da za su iya samu, shi ya sa ake yawan ganin 65 mai rauni a kasuwa fiye da 64 mai ƙarfi. Ƙorafinka a nan yake da tushe.

MaiAzurfa:
Kuma wannan ya ɓata ƙidayar da kamfanonin ke wallafawa ta yawan sulallan da suka ba kowane maki. Wanda ya fasa kwanso ya kamata ya mayar da tsohuwar takardar a cire ta daga ƙidaya, da yawa ba sa yi. Kwandala ɗaya da aka tura sau shida za ta fito kamar guda shida. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙidaya kaɗan ba ta nufin wuya. Kwandala mai araha ba wanda ke turawa, sai ka ga an rubuta guda uku kawai alhali tana cike da akwatuna. A karanta ƙidayar tare da yawan da aka buga da kuma tarihin gwanjo, kada a karanta ta ita kaɗai.

Alhaji_Gwanjo:
Fasawa ma tana da haɗarinta, kada a ɗauka ci ne kullum. Da ka fasa, garantin da kamfanin ya bayar a kanta ya mutu. Tana iya dawowa da maki ƙasa, tana iya dawowa da "Details" saboda wani tsohon wanki da aka yafe mata a karon farko. Ga kuma ɓaraguzan roba da ke karce fuska lokacin fasawa. Hanya mafi aminci ita ce a tura ta cikin kwansonta. In kamfani ɗaya ne, a nemi sake dubawa. In zuwa wani kamfani ne, a rubuta mafi ƙarancin makin da za a karɓa, in ba su ga ta kai ba su dawo da ita yadda take ba tare da sun buɗe ba. Illar ita ce ta cikin roba suke dubawa, ba sa ganin gefenta sosai, don haka sukan yi taka-tsantsan.

Baƙon_Zaure:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne koren sitikar nan da ake liƙawa a kan kwanso. Mai tantancewa ma sai an tantance shi?

Gwanin_Fitila:
CAC ke nan, John Albanese ya kafa ta a 2007, kuma yana cikin waɗanda suka kafa PCGS, shi ne kuma ya kafa NGC. Tana duba sulallan Amurka da ke cikin kwanson waɗannan biyun. Koriyar sitika na nufin kwandalar ta cika makinta, ba ta raɓe a gindinsa ba. Mai ruwan zinare na nufin a ganinsu ta wuce makin da aka ba ta. Rashin sitika ba ya nufin an ƙi ta, wataƙila ba a taɓa kai ta ba, kuma ba yadda za ka sani daga kallon kwanso. Daga 2023 su ma sun fara rufe sulalla a nasu kwanson. Wanzuwar wannan kamfani ita kanta shaida ce cewa kasuwa ta yarda lamba ɗaya ba ta faɗi komai duka ba. Alamar + da manyan biyun suka ƙaro a 2010 ma wannan giɓin take son cikewa.

Ɗan_Kwabo:
To kun ga. Kwanso, sai sitika a kan kwanso. Saura mai tantance sitika.

Uwar_Sisi:
Kada ka yi dariya Malam, jabun kwanson ma akwai, angulu da kan zabo. Iri biyu ne. Ko dai kwanso da takarda da kwandala duk jabu, an kwafo lambar shaida ta gaske daga hoton gwanjo, ko kuma kwandala ta gaske mai ƙaramin maki a cikin jabun kwanso mai babban maki. Shigar da lambar a shafin kamfani ya nuna akwai ta bai isa ba, tunda lambar sata ce. In akwai hoto a shafin, a gwada tabo da tabo: ɗigon da ke gaban hanci, karcen da ke kusa da tauraro na uku, yadda launi ya kwanta a baki. A duba haɗin kwanson, na gaske da na'ura ake narke bakinsa ya haɗe, in an ga alamar gam ko tsaga ko gefe ya yi fari-fari a ja baya. Sababbin kwansunan PCGS suna da ɗan guntun na'ura a ciki da waya ke karantawa in an kara ta. Sannan a kula da kamfanonin da ba a san su ba, masu suna mai haruffa uku ko huɗu da ke kama da na manya. Wasu mai sayarwar ne da kansa ke rufe kayansa ya rubuta 70. Irin wannan a yi cinikinta kamar ba ta da kwanso.

Malam_Tagulla:
A ƙara da cewa kwanso ba ya hana iska shiga gaba ɗaya. Jan ƙarfe da aka rubuta wa RD, wato ja, yana iya komawa ja da ƙasa-ƙasa a cikin kwanso in wurin ajiya na da laima, takarda kuwa tana nan tana cewa RD. Shi ya sa garantin kamfanoni kan launin jan ƙarfe yake da iyaka, a karanta sharuɗɗansu. Sababbin sulallan azurfa kuma sukan fito da farin tabo bayan an rufe su, ko mai maki 70 ce. A ajiye a wuri busasshe da jakar tsotse laima, a riƙa sauya ta, a nisanta da kwali da roba masu sulfa.

Tsohon_Hatimi:
Duk hirar nan ta sulallan inji ce. A tsofaffin sulallan Rum da Girka da aka buga da guduma lamarin daban ne. Kusan kowace daga ƙasa aka tono ta, kusan kowace an wanke ta, ba biyu da suka yi kama. Sashen NGC na irin waɗannan ba ya amfani da 1 zuwa 70. Yana ba da matakin suɗewa da kalma, sai maki 1 zuwa 5 na kyan bugu, da 1 zuwa 5 na lafiyar fuska. Abin lura, ba ya ba da garantin sahihanci irin wanda ake ba sulallan zamani, ra'ayinsa kawai yake bayarwa. Masu wannan fanni da yawa sun fi ba tarihin hannayen da kwandala ta ratsa muhimmanci, kuma suna fasa kwanso don su auna ta su duba gefenta.

Hajiya_Tsaba:
Ko a sulallan inji ma ma'aunin ba ɗaya ba ne ko'ina. EF na dillalin Ingila na gargajiya, wato matakin kwandalar da ta ɗan suɗe kaɗan, ya fi takwaransa XF na Amurka tsauri, kwandalar da ya kira EF takan fito AU, matakin da ke dab da MS, wani lokaci har ta taɓa MS a kwanso. Wanda ke saye daga kundin gwanjon Turai ya san wannan kafin ya kwatanta farashi.

Zabiya_77:
Wato dai Ɗan_Kwabo yana da gaskiya ke nan?

Gwanin_Fitila:
Rabi. Ga gwajin da zai nuna inda lamba ke yaudara. A ajiye AU-58 kusa da MS-61 na iri ɗaya, a rufe takardun da yatsa. A kashe fitilar sama, a kunna fitilar tebur guda ɗaya mai ƙwai mai haske daga wuri ɗaya, ba doguwar farar fitila ba, don ita tana ɓoye karce. A karkata kowace a hankali, da ido tsirara tukuna, sannan da gilashi mai ninka biyar. Sau da yawa 58 ɗin za ta fi kyau nesa ba kusa ba: fuska tsaf, sheƙi kusan cikakke, sai ɗan dushewa a saman kunci da gashin da ke kan kunne inda hasken ke yankewa. Ita kuwa 61 ba ta suɗe ba ko kaɗan, amma ta sha duka a buhu. Lamba ta ce 61 ce sama, farashi ma haka.

Alhaji_Gwanjo:
Amma ranar sayarwa 61 ɗin ce za ta fi saurin tafiya ta intanet, don mai taya daga nesa lamba yake nema a akwatin bincike.

Ɗan_Kwabo:
Ai ka dawo kan maganata, Alhaji. Wani ya yi mana bayanin tambarin "First Strike" da ake sa wa sababbin sulalla, don shi ma ina da ƙorafi a kai.

MaiAzurfa:
Ba ya nufin ita aka fara bugawa da sabon hatimi. Yana nufin ta isa hannun kamfani, ko an tabbatar da akwatinta a rufe, cikin kwana 30 na farko da fara sayar da ita. Gidan bugu kan buga da yawa tun kafin ranar fitarwa, ba a kuma jera su bisa wadda ta riga fitowa. In an fasa kwanson, ba wanda zai iya bambanta ta da wadda aka tura bayan wata shida.